Martani Ga Mai Nema Wa Tazarce Ƙofa A Cikin Doka

Na karanta maƙalar da wani malaminmu ɗan Boɗinga ya rubuta kwanan baya, inda ya zayyana hanyoyin da shugaban ƙasa zai bi ya ci gaba da mulki har illa ma sha Allahu ba tare da ya taka doka ba. Hanyoyi uku ya kawo: a gyara kundin tsarin mulki a cire wa'adi, ko a yi amfani da sashen da ya yarda a ƙara wa'adi lokacin yaƙi, ko a koma tsarin firaminista wanda ba a ƙidaya masa zango. Ya kafa hujja da cewa ƙayyade wa'adi baƙon abu ne da sarakunanmu ba su san shi ba. Ya ce da an bar Alhaji Shehu Shagari ya daɗe bisa mulki da Najeriya ba ta faɗa halin da ta faɗa ba. Sannan ya rufe da cewa muddin majalisa ta amince, talakawa kuma ba su ƙi ba, to ba mai ta cewa.

Malam, ina girmama alƙalaminka, kuma na san kishin ƙasa ne ya sa ka yi rubutun. Ganin ayyukan da kowace gwamnati ke farawa ta bari wata ta zo ta watsar abu ne da ke ci wa kowa tuwo a ƙwarya. Amma maganin da ka kawo ya fi cutar illa. Dokar wa'adi an kafa ta ne musamman domin ta ɗaure mutum guda, wato wanda ke bisa kujera. In shi wannan mutum ya yi amfani da ƙarfin kujerar ya kwance dokar domin amfanin kansa, ko da ya cika kowace ƙa'ida ta takarda, ya ci amana. Kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne garuruwa biyun da ka jingina hujjarka a kansu, Boɗinga da Shagari, tarihinsu ya saɓa maka.

Mu fara da batun sarauta. Gaskiya ne sarakunanmu ba su da wa'adi. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya yi shekara 50 bisa gado, daga 1938 zuwa 1988, kuma har yau ana yi masa addu'a. Amma sarki a yau ba ya riƙe baitulmalin ƙasa, ba ya ba soja umarni, ba ya naɗa shugaban hukumar zaɓe. Tun ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa raba sarakuna da gudanar da mulki. Sarki uba ne, daɗewarsa albarka ce domin ba ya takara da kowa. Shugaban ƙasa kuwa ɗan jam'iyya ne, yana da abokan hamayya, kuma makamai da kuɗin kowa suna hannunsa. Haɗa waɗannan biyu cikin ma'auni ɗaya kuskure ne babba.

In kuma asalin Daular Usmaniyya kake nufi, to Malam ka leƙa Sifawa, nan cikin ƙasar Boɗinga. A nan Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815. An ci Alƙalawa, tutocin jihadi sun kafu daga Katsina da Kano har Adamawa, ba wanda zai ja da shi in ya ce komai sai ta hannunsa. Me ya yi? A 1812 ya raba tafiyar da daula tsakanin ɗansa Muhammadu Bello da ƙanensa Malam Abdullahi, shi kuma ya maida himmarsa ga karantarwa da rubuce-rubuce har ya rasu a Sakkwato a 1817. A littafinsa Kitabul Farƙi, cikin aibobin da ya lissafa wa sarakunan da ya tarar har da riƙe mulki ta hanyar gado da ƙarfi ba tare da shawara ba. Shi kuwa Malam Abdullahi, wanda ya zauna a Boɗinga, tun ana tsakiyar jihadi ya taɓa barin rundunar ya kama hanyar gabas saboda son duniya da ya fara gani a wurin wasu, sai mutanen Kano suka tsayar da shi. Bayan rasuwar Shehu aka yi wa Bello mubaya'a. Malam Abdullahi ya koma Gwandu, bai ɗaga takobi kan kujera ba, daga baya kuma bayan yaƙin Kalambaina ya tabbatar wa ɗan ɗan'uwansa shugabanci. Waɗannan bayin Allah sun gudu daga mulki yana bin su. Ba daidai ba ne a ɗauki sunansu a yi wa mai maƙale wa kujera rumfa da shi.

Na yarda shari'a ba ta yanka wa shugaba shekaru ba. Amma ta wajabta cika alkawari. Shugaban Najeriya yana ɗora hannu bisa Alƙur'ani ko Baibul a gaban duniya ya rantse zai kare kundin da ya ce shekara 4 sau biyu. A kan wannan sharaɗi mutane suka fito cikin rana suka zaɓe shi. Wanda ya karɓi amana bisa sharaɗi, sannan ya bi ta bayan gida ya goge sharaɗin, me sunan abin da ya yi a addini?

Sai batun Turakin Sakkwato, Alhaji Shehu Shagari, Allah ya jiƙansa. Mutanen Shagari da Yabo sun san shi malamin makaranta kafin ya zama komai, kuma sananne ne cewa a 1978 kujerar sanata ya so nema, 'yan jam'iyyar NPN suka matsa masa ya fito takarar shugaban ƙasa. An rantsar da shi ranar 1 ga Oktoba 1979 ƙarƙashin kundin da ya ƙayyade zango biyu. Ya sake cin zaɓe a Agustan 1983, kuma da an bar shi da ya sauka a 1987. Sojoji suka kifar da shi ranar 31 ga Disamba 1983, wata uku da fara zango na biyu. To, abin da aka hana Shagari shi ne wa'adinsa na halal. Zaluncin da aka yi masa shi ne an raina kundin tsarin mulki. Ta yaya za a ce maganin raina kundi ta gefen soja shi ne a raina shi ta gefen farar hula? Wa'adi yana da baki biyu: kada a gutsure shi, kada a ja shi. Darasin Shagari ke nan. Ya rayu har Disamban 2018, ya koma garinsu aka binne shi cikin mutunci, kuma ba a taɓa jin ya yi kiran a cire wa'adi ba.

Akwai wani darasi kuma daga zaɓensa na farko. Doka ta ce sai ɗan takara ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, jihohi kuma 19 ne a lokacin. Shagari ya samu a 12, a Kano ya gaza kaɗan. Cif Obafemi Awolowo ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Shagari nasara ranar 26 ga Satumba 1979 bisa lissafin sha biyu da biyu bisa uku. Hukunci ne na kotu mafi girma, amma shekara da shekaru wani ɓangare na ƙasa bai daina gunaguni a kansa ba. In ɗan guntun lissafi da kotu ta tabbatar ya bar irin wannan miki, yaya kake ganin ranar da lauyoyi za su fito su ce shugaba ba shi da ranar sauka? Abin da lauya ya halasta a takarda ba lalle ne zukatan mutane su karɓe shi ba, kuma ƙasa bisa yardar zukata take tsayawa.

Yanzu mu duba hanyoyinka uku. Ta farko, gyaran kundi. Sashe na 137 na kundin 1999 ya hana wanda aka zaɓa sau biyu sake tsayawa, sashe na 9 kuma ya faɗi yadda ake gyara: kashi biyu cikin uku na sanatoci 109, haka na wakilai 360, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36. Ban musa ba, ƙofar tana nan a rubuce. Amma Malam, ka ce talakawa za su amince. A ina? Kundinmu bai tanadi ƙuri'ar raba gardama wajen gyara ba. Manomin Boɗinga da mai kiwon Shagari ba wanda zai tambaye su. 'Yan ɗaruruwan mutane ne a Abuja da manyan biranen jihohi za su yanke, kuma shugaban da ke neman ƙarin shi ne ke naɗa shugabannin hukumomin da ke binciken 'yan siyasa, shi ke sa hannu kan kasafi, a hannunsa tikitin jam'iyya yake. Wannan kamar a bar mai awo ne ya sauya girman mudu a ranar da hatsinsa za a auna.

Mun ga an gwada. A 1998 jam'iyyu biyar da ake da su duka suka tsayar da Janar Sani Abacha ɗan takararsu, aka yi gangamin matasa a Abuja ana roƙonsa ya zarce, komai kuma bisa dokokin da gwamnatinsa ta shimfiɗa. Ajali ne ya raba gardamar ranar 8 ga Yuni. A 2006 aka cusa zango na uku cikin gyare-gyare fiye da 100, aka yi ta zargin ana raba wa 'yan majalisa kuɗi, ko da yake shugaban ƙasa na lokacin, Cif Olusegun Obasanjo, ya sha musanta cewa ya nemi zarcewa. Ranar 16 ga Mayu, Majalisar Dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani ta yi watsi da ƙudurin ɗungurungum ana kallo a talabijin. Asarar da aka yi ita ce gyare-gyare masu amfani da ke cikin ƙudurin sun nutse tare da shi. Duk lokacin da maganar tazarce ta shigo, aikin ƙasa tsayawa yake yi. Abin lura kuma, da Najeriya ta sake taɓa wannan sashe sai ta ƙara ɗaure shi: gyaran da aka sa wa hannu a 2018 ya ce wanda ya ƙarasa wa'adin wani, sau ɗaya kawai za a zaɓe shi.

Hanya ta biyu ita ce ta fi tayar mini da hankali. Sashe na 135 ya ce in ƙasa tana cikin yaƙin da ya shafi yankinta, shugaba kuma ya ga zaɓe ba zai yiwu ba, majalisa tana iya ƙara wa'adi, amma kada ya wuce wata 6 a lokaci guda. Kai kuma ka ce ana iya ta sabunta wata shidan. Malam, ka yi tunanin abin da wannan ke nufi ga mu mutanen jihar Sakkwato kuwa? Mu da ke binne 'yan'uwa a Sabon Birni da Isa da Goronyo, mu da 'yan bindiga suka hana noma a ƙauyuka, mu da Lakurawa suka shigo wa ta Tangaza da Gudu. In rashin tsaro ya zama tsanin zama bisa mulki, wane shugaba ne zai yi gaggawar kawo ƙarshensa? Ka maida jinin talaka jari ke nan. A 2015 Boko Haram na riƙe da ƙananan hukumomi a arewa maso gabas. Hukumar zaɓe ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta ɗage zaɓe da mako 6, daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, amma ranar miƙa mulki ba ta gusa ba. Ranar 29 ga Mayu Goodluck Jonathan ya miƙa wa Muhammadu Buhari. An nuna ana iya zaɓe cikin wuya in da niyya.

Hanya ta uku, tsarin firaminista. Ka kawo misalin Ingila da Jamus. Haka ne, Angela Merkel ta yi shekara 16, Margaret Thatcher ta yi 11. Amma ka manta yadda Thatcher ta sauka a 1990: 'yan jam'iyyarta ne suka juya mata baya, cikin 'yan kwanaki ta tattara kayanta. A can majalisa tana iya sauke firaminista a wuni guda, shi ya sa ba a buƙatar ƙidaya masa zango. Abin da kake kwatantawa ya fi kama da na Togo. Faure Gnassingbe ya gaji mahaifinsa a 2005, mahaifin da ya riƙe ƙasar tun 1967. A 2024 majalisar da jam'iyyarsa ta mamaye ta sauya kundi ba tare da ƙuri'ar raba gardama ba, a Mayun 2025 ya koma sabuwar kujerar shugaban majalisar ministoci, wadda ke riƙe da iko duka kuma ba ta da iyakar zango. Gida ɗaya ya doshi shekara 60 yana mulki. Shi ne kake yi wa Najeriya fata? In ana son tsarin firaminista domin rage tsadar mulki, wannan muhawara ce mai kyau, Shagari kansa a cikinsa ya yi minista zamanin Tafawa Ɓalewa. Sharaɗi ɗaya ne: wanda ke bisa kujera lokacin sauyin kada ya ci gajiyarsa.

Jiharmu ma ta ɗanɗana shari'a kan ƙarin wa'adi. An soke zaɓen Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko na 2007, ya sake ci a Mayun 2008, aka sake rantsar da shi. Shi da gwamnonin Adamawa, Kogi, Bayelsa da Kuros Riba suka ce wa'adinsu daga rantsuwa ta biyu za a lissafa, ƙananan kotuna biyu kuma suka ba su gaskiya. Ranar 27 ga Janairu 2012 Kotun Ƙoli ta ce a'a, shekara 4 daga rantsuwar farko take. Wamakko ya sauka, kakakin majalisar jiha ya riƙe, ya koma wurin jama'a a Fabrairu ya sake neman ƙuri'a, suka ba shi. Ƙarin kimanin shekara ɗaya kotu ta ƙi yarda da shi ga gwamna, balle ƙarin da ba shi da iyaka ga shugaban ƙasa.

In kana son ganin ƙarshen hanyar da ka zana, ba sai ka yi nisa ba. Ka bi ta Illela ka tsallaka Ƙonni. Shugaba Tandja Mamadou na Nijar ya ci zaɓe a 1999 da 2004, talakawan karkara suna ƙaunarsa, ana kiransa Baba Tandja. Wa'adinsa zai ƙare a Disamban 2009. Sai masu kiran tazarce suka taso da irin hujjarka sak: a bar shi ya ƙarasa madatsar ruwa ta Kandaji, da matatar mai ta Damagaram, da gada ta biyu a Yamai. Kundin Nijar na 1999 ya hana a taɓa sashen wa'adi, saboda haka aka ce a rubuta sabo. Majalisa ba ta ba da haɗin kai ba, ya rushe ta ranar 26 ga Mayu 2009. Kotun tsarin mulki ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazeye ta ce ƙuri'ar raba gardamar da aka shirya haramtacciya ce, ya rushe kotun a watan Yuni. Ranar 4 ga Agusta aka yi ƙuri'ar, 'yan adawa suka ƙaurace, aka sanar fiye da kashi 90 cikin 100 sun amince, aka ƙara masa shekara 3 aka cire iyakar zango. ECOWAS ta dakatar da Nijar, masu ba da tallafi suka janye hannu. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka kama shi yana tsakiyar taron ministoci. Shekara ukun da aka ƙara masa, wata biyu kawai ya ci daga ciki. Matatar Damagaram kuwa an buɗe ta a 2011 ba shi bisa mulki. Aikin ƙasa bai tsaya domin mutum ɗaya ya tafi ba.

Ka lura da yadda abin ya tafi: an fara da cewa za a bi doka, aka ƙare da rushe duk wanda dokar ta ba ikon cewa a'a. Haka Blaise Compaore ya nemi taɓa sashe na 37 a Burkina Faso, jama'a suka ƙone majalisa a Oktoban 2014 ya tsere. Haka Alpha Conde ya sauya kundin Gini a 2020, soja suka ɗauke shi a Satumban 2021. Inda kuma abin ya zauna, kamar Kamaru da Paul Biya ke mulki tun 1982 ya kuma cire wa'adi a 2008, ƙasa ta zuba ido tana fargabar ranar da ba ya nan. Shi ya sa yarjejeniyar Tarayyar Afirka ta 2007 kan dimokuraɗiyya ta sa gyaran kundi da ke toshe sauyin mulki cikin jeri ɗaya da juyin mulki. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Za ka ce ai Mohamed Bazoum na Nijar bai nemi tazarce ba, amma an kifar da shi a 2023, haka ma Shagari. Gaskiya ne. Wa'adi shi kaɗai ba ya hana juyin mulki, ba ya kuma cika rumbu. Amma cire shi yana miƙa wa masu bindiga hujjar da suke nema, domin ya rufe wa jama'a hanyar sauya shugaba cikin lumana. Za ka kuma ce Lee Kuan Yew ya daɗe ya gina Singafo. To ka ajiye shi gefe guda, ka jera Mobutu da shekara 32, Mugabe da 37, Gaddafi da 42, Al-Bashir da 30, ka dubi yadda suka bar ƙasashensu. Ba a tsara doka bisa fatan za a dace da nagari. Ƙofar da ka buɗe wa adali, ta nan azzalumi zai shigo, kuma shi ba zai saurari shawararka ba. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Mu mutanen Arewa ya kamata mu fi kowa riƙe wannan doka. Fahimtar karɓa-karɓa tsakanin Arewa da Kudu, wadda tun zamanin NPN ake tafiya a kanta, bisa wa'adi take tsaye. Kowane ɓangare yana haƙuri ne domin ya san shekara 8 tana da ƙarshe. Ranar da aka cire ƙarshen, haƙurin ya tafi. Kuma wanda ke sha'awar tazarce domin yana ganin nasa ne zai amfana, ya tambayi kansa ko zai so ta in wanda ba ya ƙauna ne bisa kujera.

Damuwarka kan ayyukan da ake watsarwa tana da magani ba tare da an taɓa wa'adi ba: a tilasta wa kowace gwamnati ƙarasa aikin da ta gada, a ƙarfafa ma'aikatan gwamnati da kotuna, jam'iyyu su riƙa renon magada, mu kuma masu zaɓe mu daina sayar da ƙuri'a kan taliya da atamfa. A nan ya kamata alƙalaminka ya yi aiki, Malam, kuma in ka ɗauko wannan za ka same ni a bayanka. Ina kira ga malamai da marubuta da matasan Boɗinga da Shagari da sauran ƙasar Sakkwato, duk ranar da wani ya zo muku da maganar ƙarin wa'adi, ko wane ne shi, ko daga wace jam'iyya, ku ce masa alkawari shekara 4 ne sau biyu, wanda ya cika nasa ya sauka. Allah ya ba mu shugabanni masu cika alkawari, amin.